Daga Ganuwar Dambo Zuwa Tsaron Intanet: Tarihin Gadi a Ƙasar Kazaure

Masarautar Kazaure a bakin iyaka aka kafa ta, tsakanin Kano da Katsina da Daura, kuma tsaro ne aikin da ta fara sani. Ibrahim Ɗantunku, jagoran Fulani Yarimawa da ke zaune a wajen Dambatta, ya yi suna a lokacin jihadi saboda ya tare hanyar da dakarun Katsina da Daura za su bi su haɗu da na Sarkin Kano Alwali. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka yi shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya amince Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta, tana bin Sakkwato kai tsaye. Ɗantunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi. A zamanin Dambo ne aka faɗaɗa ƙasar, aka gina fada, aka kewaye garin da ganuwa.

Ba don ado aka yi ganuwar ba. A arewa akwai Damagaram, wadda ta ƙasaita a ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarki Tanimu da ya tara bindigogi har ya sa aka ƙera igwa a Zindar. A yaƙi da Damagaram ne Dambo ya rasa ransa a 1857, kuma hare-hare suka ci gaba bayansa. Babura, wadda a lokacin take cikin ƙasar Kano, tana cikin garuruwan iyaka da ke tare wa Kano arewa. Mutanen Roni da Gwiwa na ƙasar Kazaure kuma duwatsu da sarƙaƙiyar daji ne suka taimaka musu wajen fakewa. Wanda ya zauna a wannan yanki a wancan zamani ya san cewa noma da kiwo ba sa yiwuwa sai da mai gadi.

Yadda ake gadin kuwa shi ne abin lura. Ganuwa ita kaɗai ba ta isa ba, tunda dole gari ya buɗe ƙofa: manomi zai fita gona, mai itace zai shigo, fatake za su sauka. Saboda haka a garuruwan Hausa masu ganuwa ake naɗa sarkin ƙofa, wanda ke rufewa da dare ya buɗe da asuba. Babban makaminsa sanin mutane ne. Ya san wanda ke fita da jaki kullum da sassafe, ya san matan da ke shigowa da nono, ya san lokacin da garke ke dawowa. Idan ya ga baƙuwar fuska, ko ya ga ɗan gari a lokacin da bai saba fita ba, sai ya tsayar da shi ya yi tambaya. A kasuwa ma haka abin yake. Baƙon da ya kawo saniya ba ya sayar da ita kai tsaye. Sai ya bi ta hannun dillali, wanda zai tsaya masa cewa dabbar ba ta sata ba ce, ya karɓi la'adarsa. Wasiƙun sarakuna kuma da hatimi suke tafiya, a hannun manzon da aka sani, domin kada wani ya ƙaga takarda da sunan sarki. Waɗannan abubuwa uku, wato sanin ɗabi'ar mai shiga, samun wanda zai tsaya wa baƙo, da tabbatar da asalin saƙo, su ne har yau ginshiƙan tsaro, ko da kayan aikin sun canza.

Zuwan Turawa ya kashe amfanin ganuwa. Bayan faɗuwar Kano a 1903 Kazaure ta shiga Lardin Kano, yaƙi tsakanin masarautu ya ƙare, gadi ya koma hannun dogarai, sannan 'yan doka na En'e, waɗanda aka haɗe da 'yan sandan Nijeriya a ƙarshen shekarun 1960. Dukiya ma ta sauya siffa. Daga rumbu da garke da wuri ta koma kwabo da sulalla, daga nan ta koma takarda, daga takarda ta koma lamba a littafin banki. Duk lokacin da dukiya ta sake gida, ɓarawo ya kan bi ta, mai gadi kuma ya biyo baya.

A can wata duniyar, inda kwamfuta ta fara yaɗuwa, an fara ganin sabon irin ɓarawo. A 1986 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Brain, wadda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan, ta bazu ta hanyar faifan da ake ara wa juna. A Nuwamban 1988 wani ɗalibi a Amurka, Robert Morris, ya saki wata manhaja mai hayayyafa da kanta, ta durƙusar da dubban kwamfutoci a intanet ɗin wancan lokaci, wanda bai wuce na jami'o'i da cibiyoyin bincike ba. Wannan ne ya sa aka kafa cibiyar ɗaukin gaggawa ta farko a Jami'ar Carnegie Mellon. Maganin da aka fara amfani da shi mai sauƙin fahimta ne: a tara jerin alamomin cututtukan da aka riga aka sani, duk fayil ɗin da ya shigo a gwada shi da jerin. Aibinsa a fili yake. Ɓarawon da ba a taɓa kamawa ba babu sunansa a jeri, kuma wanda aka sani ma, da ya ɗan sauya kama sai ya wuce.

Tun a 1987 wata masaniya, Dorothy Denning, ta kawo wata dabara dabam. Ta ce maimakon a haddace fuskokin ɓarayi, a koyi ɗabi'ar masu gida: ƙarfe nawa ma'aikaci ke shiga kwamfutarsa, waɗanne fayiloli yake buɗewa, bayanai nawa yake kwasa. Duk abin da ya kauce wa al'ada sai a ɗaga ƙararrawa. Dabarar sarkin ƙofa ce aka miƙa wa inji. A farkon shekarun 1990 bankunan Amurka suka fara amfani da wani tsari mai suna Falcon, wanda ke koyo daga tarin cinikin da aka yi da katin banki, yana gane wanda bai yi kama da na mai katin ba. A 2002 Paul Graham ya yaɗa hanyar tace wasiƙun banza na imel ta lissafin yawan fitowar kalmomi, inda manhaja ke koyo daga wasiƙun da mutum ya ware da kansa. Wasu daga cikin wasiƙun da aka koyar da irin waɗannan manhajoji da su, abin takaici, na 'yan 419 ne, waɗanda suka samo sunansu daga sashe na 419 na kundin laifuffukan Nijeriya.

Kazaure ta shiga wannan tarihi da wuri fiye da garuruwa da yawa da suka fi ta girma. An ƙirƙiri Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, kuma a wannan shekara aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar a Kazaure, wadda daga baya aka sa wa sunan Sarkin Kazaure Hussaini Adamu, gwamnatin tarayya kuma ta karɓe ta a 2007. Ibrahim Saminu Turaki, ɗan Kazaure, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, ya ɗauki harkar kwamfuta da zafi. A 2001 aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure tare da haɗin gwiwar wani kamfanin ilimi na Singafo, ana koyar da rubuta manhaja da haɗa kwamfutoci da kula da rumbun bayanai. Jihar ta kuma kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse, kuma a 2006 gwamnatin tarayya ta kafa Galaxy Backbone, wanda ke riƙe da hanyoyin sadarwa da rumbunan bayanan hukumominta. An yi ta muhawara a lokacin kan ko jihar da ke fama da ƙarancin ruwa da wuta ta dace ta sa kuɗinta a intanet. Ko me za a ce game da lissafin kuɗin, yara da yawa daga Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura a nan suka fara ɗora hannu a kan kwamfuta, kuma daga cikinsu aka sami waɗanda suka shiga bankuna da kamfanonin waya da ma'aikatun gwamnati.

Shekarar 2001 ɗin ce kuma wayar salula ta shigo Nijeriya, kuma ita ce ta kawo matsalar har ƙofar gidan talaka. Da farko kira ne kawai da tes. Sannu a hankali kuɗi suka shiga cikinta: tura kuɗi nan take tsakanin bankuna ya fara a 2011, Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki a 2013, sai rumfunan masu POS suka fara tsirowa a bakin tasha da kasuwa. A garuruwan da reshen banki ya yi nisa, mai POS ne bankin. Ƙarancin takardar kuɗi da ya biyo bayan canjin naira a farkon 2023 ya tilasta wa mai hatsi da mai awaki da mai shayi karɓar taransifa ko suna so ko ba sa so. Mutanen da ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba suka wayi gari dukiyarsu tana cikin intanet.

Hukuma ta yi ta gina katanga a baya. An kafa EFCC a 2003. A Fabrairun 2014 aka ƙaddamar da lambar BVN, wadda ke ɗaure kowane asusu da zanen yatsa da fuskar mai shi, a Disamban 2020 kuma aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. A 2015 aka sa hannu a dokar laifuffukan intanet, aka gyara ta a 2024, kuma cibiyar ɗaukin gaggawa ta ƙasa, ngCERT, tana ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Dokar kare bayanan jama'a ta zo a Yunin 2023. Hukumar NITDA, wadda Kashifu Inuwa Abdullahi ɗan Haɗejia ya fara shugabanta a 2019, ta buɗe cibiyar nazarin ƙirƙirarriyar basira a Abuja a 2020. Girman abin da ake fuskanta ya fito fili bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2023, lokacin da ministan sadarwa na wancan lokaci, Isa Ali Pantami, ya ce an yi yunƙurin kutse kusan miliyan 13 a kwanakin zaɓen. Babu ɗakin ma'aikata da zai iya duba irin wannan adadi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ainihin dalilin da ya sa aka jawo inji cikin aikin gadi.

Ana ganin yadda injin ke aiki idan aka bi taransifa guda. Mutum ya tsaya a rumfar mai POS a Kazaure, ko ya danna lambobi a wayarsa zai tura kuɗi. Kafin alat ya fito, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, tsarin bankin ya riga ya auna abubuwa da dama: wace waya ce, ita ce wadda aka saba amfani da ita ko sabuwa ce, ƙarfe nawa ne, nawa ne kuɗin idan aka kwatanta da abin da mai asusun ya saba turawa, wanda ake tura wa tsohon abokin hulɗa ne ko yau aka fara ganinsa, an sauya layi kwanan nan ko a'a, an yi kuskuren lambar sirri sau nawa. Daga nan sai ya ba cinikin maki. Idan makin ya yi ƙasa, kuɗi su wuce. Idan ya kai tsakiya, a nemi ƙarin shaida, kamar lambar da ake turowa ta tes ko hoton fuska, inda manhajar ke sa mutum ya ƙifta ido ko ya juya kai don ta tabbatar ba hoto aka nuna mata ba. Idan makin ya yi sama, a riƙe kuɗin, a miƙa wa ma'aikaci. Babu wanda ya zauna ya rubuta wa injin duk waɗannan ƙa'idoji dalla-dalla. An ba shi miliyoyin cinikin baya, an nuna masa waɗanda suka zama damfara, shi ya tsamo kamanninsu.

Ta ɓangaren mai karɓa ma ana duba. 'Yan damfara ba sa karɓar kuɗi da asusunsu. Sukan ari na wani, ko su saya a hannun ɗalibi ko matar aure da aka ba 'yan canji, ko su buɗe da takardun wanda bai sani ba. Kuɗin na shiga sai a yayyanka su zuwa asusu goma, daga nan a cire a rumfuna dabam-dabam. Idon mutum ba zai ga wannan zare ba, amma inji da ke kallon dukkan asusun a lokaci guda yana iya ganin asusun da ya kwana biyu babu motsi, sai ga kuɗi daga mutane ashirin da ba su san juna ba, kuma babu abin da ke kwana a ciki. Saboda irin waɗannan asusu ne Babban Banki ya tsaurara sharuɗɗa a ƙarshen 2023, ya ce ko ƙaramin asusu sai da BVN ko NIN.

Amma injin yana da makanta, kuma a ƙasa irin ta Kazaure makantar tana da siffa ta musamman. Ɗabi'ar da ya koya yawanci ta ma'aikacin birni ce, mai albashi a ƙarshen wata. Rayuwar manomi ba haka take ba. Asusunsa na iya yin wata biyar shiru, sai da kaka ya sayar da riɗi ko zoɓo ko gero, kuɗi masu yawa su faɗo rana ɗaya. Mai sayar da raguna yana yin cinikin shekara a makonni biyu kafin Babbar Sallah. Waya ɗaya na iya yi wa gida guda hidima: maigida da matansa da tsohuwa duk da ita suke cire kuɗi, kuma yaro ne ke danna lambobin. A idon inji duk waɗannan alamun sata ne. Sakamakon shi ne a rufe asusun mai gaskiya a ranar kasuwa, ya bar kayansa ya hau mota neman reshe. Idan kuma banki ya sassauta don kada ya takura wa irin wannan mutum, ɓarawo ya sami kafa. Wannan ja-in-ja ba ta da magani na dindindin. Abin da ke rage ta shi ne a koyar da injin da bayanan mutanen yankin, ya san kaka da Sallah da ranar kasuwa.

Makanta ta biyu ta fi tsanani. Yawancin asarar da talaka ke yi ba ta hanyar fasa kwamfutar banki ba ce. Kira ne ake yi masa, da Hausa mai daɗi, a ce daga banki ne, BVN ɗinsa ya sami matsala, za a rufe asusu in bai karanto lambar da aka turo ba. Ko a ce sunansa ya fito a tallafin gwamnati, ko a kujerar Makka, ko a ɗaukar aiki, sai ya biya kuɗin fom. Ko a ƙwace WhatsApp ɗin wani mutumin kirki a riƙa neman rance da sunansa a zauren 'yan'uwa. Ko a nuna wa mai shago alat na ƙarya a ɗauki kaya. A mafi yawan waɗannan, wayar ta mai asusu ce, yatsan nasa ne, lambar sirrin daidai take. Mai gida ne ya buɗe ƙofa da hannunsa, saboda haka abin da inji zai iya gani kaɗan ne. Manhajojin da ke tace saƙon damfara kuma da Turanci aka fi koyar da su. Saƙon da aka rubuta da Hausa, balle wanda aka gauraya da Turanci aka taƙaita kalmomi yadda ake yi a waya, ko saƙon murya, yakan wuce su ba tare da sun motsa ba. Masu bincike, ciki har da na Jami'ar Bayero, sun fara tara rubutun Hausa da aka yi wa alama domin koyar da inji, kamar tarin NaijaSenti na 2022, amma tazarar da ke tsakanin Hausa da Turanci a wannan fage har yanzu mai faɗi ce.

Ɓarawo ma ya sami injinsa. A Agustan 2016 hukumar binciken tsaro ta Amurka, DARPA, ta shirya gasa a Las Vegas inda kwamfutoci suka nemo ɓaraka a manhajojin juna, suka toshe tasu, ba tare da hannun mutum ba. Wani tsari mai suna Mayhem ya yi nasara. Abin da ke nemo ɓaraka don toshewa shi ne kuma ke nemo ta don shiga. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, rubuta wasiƙar yaudara marar kuskure ya zama aikin minti ɗaya, alhali a da kurakuran rubutu ne ke tona asirin ɗan damfara. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da shugabanninsa, waɗanda daga baya aka gano fuskokinsu da muryoyinsu duk na jabu ne. A ƙasar Hausa, inda saƙon murya ya fi rubutu tafiya kuma muryar malami ko basarake ko uba ke da nauyi, kwaikwayon murya ya fi komai haɗari.

Wannan ya sa aikin mutum bai ƙare ba, sai dai ya sauya wuri. A ɗakunan sa ido na bankuna da kamfanonin waya, inji ne ke tace dubban ƙararrawa ya ware 'yan kaɗan, ma'aikaci kuma ya yanke hukunci a kansu. A ƙauye kuma mai POS ne ya gaji wani abu na aikin dillali: ya san abokan cinikinsa, kuma sau da yawa shi ne ke cewa, "Baba, dakata, wa ya ce ka tura wannan kuɗi?" Limamai a huɗuba da masu unguwanni da gidajen rediyo su ne ke isar da gargaɗi inda takardar banki ba ta kaiwa. Makarantun Kazaure, da ke yaye ɗalibai masu jin Hausa da sanin kwamfuta, suna da abin da kamfanonin Legas ba su da shi, wato kunnen da ke gane yadda ɗan damfara ke sarrafa magana a Roni ko Babura.

Akwai kuma batun rahoto. Injin gano damfara daga abin da aka kai ƙara yake koyo, kuma banki yana da damar riƙe kuɗin da aka sace ne kawai idan labari ya iso kafin a kwashe su, abin da sau da yawa bai wuce 'yan mintuna ba. Mutumin da aka damfara a Gwiwa yakan yi shiru saboda kunya, ko ya bar wa Allah, ko ya ga kuɗin mota zuwa reshe ya kusa kai abin da aka sace. Duk damfarar da ba a kai rahotonta ba, a littafin banki halattaccen ciniki ce, kuma a matsayin halattacce injin zai koye ta.